Hancin Ba-Zama da Ƙodar Auta

Mahaifiyarsa ce ta laƙaba masa sunan. Tun yana rarrafe, in ta ajiye shi a tabarma ta juya ɗauko wani abu, kafin ta waiwayo ya kai bakin ƙofa. "Wannan yaro ba zama," take cewa. Maƙwabta suka ɗauka suka yi ta yayi, har sunansa na gaskiya ya zama sai a katin asibiti ake ganinsa. Ba-Zama kuwa ya girma bai ƙaryata uwarsa ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake sauraren rediyo. In ka miƙa masa kujera sai ya dafa bayanta yana yi maka godiya. Matarsa takan ce shekara ashirin suna tare, amma ta fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa, don kullum a hanyar fita take ganinsa.

Sana'arsa gyaran katifa, irin ta auduga. Shagon na mahaifinsu ne, mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta baya inda akwai ɗan fili da aka malale da siminti. A kawo katifar da aka shekara goma ana kwana a kanta har ta daskare ta yi tauri. A farke ta, a zazzage audugar a filin baya, a yi ta bugunta da sanduna biyu sirara har ta warware ta tashi. Sai a ƙara mata sabuwa, a ɗura a sabuwar riga, a bi da basilla ana ƙulle ta layi-layi don kada audugar ta gudu gefe guda. Da katifar soso ta shigo, masu wannan aiki suka watse, wasu suka koma tuƙi, wasu gadi. Ba-Zama ya tsaya, da ma tsayuwa ba ta taɓa yi masa wuya ba. Masu ciwon baya da tsofaffi da makarantun kwana ba su daina nemansa ba.

Su uku ne a shagon. Akwai Mai Mura, dattijon da ke bugun auduga tun zamanin mahaifinsu, wanda ƙura ta toshe wa hanci har ko turare aka fesa masa sai ya tambaya ko ruwa ne. Akwai Auta, ƙanwar Ba-Zama, uwar 'ya'ya biyu, mai bakin tsiya, wadda kekenta na ɗinki ke bakin ƙofar titi tana ɗinka rigunan katifa. Sai shi kansa, wanda ke ko'ina a lokaci guda. Amma abin da ya riƙe shagon ba ƙafarsa ba ce, hancinsa ne.

Auduga tana yi wa ido ƙarya. Za ka gan ta fara tas, alhali cikinta ya lalace, in ka mayar da ita sabuwar riga bayan wata biyu mai katifa ya dawo yana zaginka. Ba-Zama yakan farke ɗinki kamar taki ɗaya, ya zura hannu har gwiwa, ya damƙo daga tsakiya, ya kai hanci ya ja numfashi sau biyu, mai zurfi. Sai ya yanke hukunci. "Gumi ne kawai, a buga." Ko kuma, "Fitsarin yaro, a shanya kwana uku." Ko ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ta sha ruwa ta yi fumfuna, a ƙone." Bai taɓa kuskure ba. Har yakan gaya maka ko mai katifar yana shan taba, ko yana barin kyanwa ta hau gado. Daga mahaifinsu ya koya, kuma a duk duniya ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan.

Hawan jini ya daɗe yana binsa. An ce ya riƙa zuwa asibiti duk wata, ya je sau biyu, ya ga layi sai an zauna a benci, ya ce zai dawo. Yana da shekara arba'in da shida ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, aka auna aka ce ƙodojinsa duka biyu sun gaji. Aka sa shi wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu a kwance ana jan jininsa ta cikin na'ura. Wanda ya san Ba-Zama ya san ba ciwon ne ya fi cinsa ba. Wata rana Auta ta raka shi, ta zauna tana kallon diddigensa yana gurzar zanen gado, sama da ƙasa, sama da ƙasa, awa huɗu bai tsaya ba. Ba ta yi masa tsiya ba ranar. Da suka fito ta ce ya jira ta, ta koma ciki ta ce a gwada jininta a ga ko ƙodarta za ta yi masa.

Ya ƙi. Ya yi faɗa, ya tuna mata 'ya'yanta, ya ce shi ne babba kuma ya hana. Ta ce girmansa a shago ya tsaya. Bayan wata bakwai aka yi dashen. Kwana biyu da aikin aka turo ta a keke zuwa gefen gadonsa, fuskarta duk ta faɗa, amma bakin yana nan.

"Yaya, ka ji ni da kyau. Ƙodar nan tawa ce, wurin kwana kawai ta canja. In ka wulaƙanta ta, da ni kake."

Ya yi dariya ɗinkin ya ja shi, sai ga hawaye. Ya ce ya ɗauka amana.

Likitar da ke duba shi mace ce siririya, mai magana a hankali kamar tana ƙirga kalmomin. Ta yi masa bayani kafin sallama. Jikin mutum yana da masu gadi, su ne garkuwar jiki, duk baƙon abu da ya shigo sai su far masa. Ƙodar Auta baƙuwa ce a wurinsu. Don haka zai riƙa shan magani safe da yamma har iyakar rayuwarsa, maganin da ke sa masu gadin gyangyaɗi. Matsalar ita ce in sun yi gyangyaɗi ba ƙoda kaɗai ke samun sararin zama ba. Abin da lafiyayye zai shaƙa bai ma sani ba, shi zai iya kwantar da shi. Ta lissafa masa: cunkoso, ƙura, tonon ƙasa, akurkin kaji da ɗakin tattabaru, tsohon gini da ake rushewa.

"Aikin auduga kuwa, Malam, ka yi masa sallama."

Ya ce ya yi. Kuma har ga Allah da gaske yake.

Wata uku ya yi a gida, wata ukun da matarsa ba za ta manta ba. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ya kwance fanka ya mayar, noti biyu suka rage a hannunsa. Daga falo zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa bakin ƙofa, ya leƙa titi ya dawo. In tana girki yana tsaye a kanta yana tambayar ko gishirin bai yi yawa ba. Ranar da ya fara jera mata cokula bisa tsawonsu, ta kira Auta a waya.

"Ki zo ki ɗauki yayanki, ko ni a kai ni asibiti."

Aka yi shawara, aka yanke. Zai riƙa zuwa shago, amma iyakarsa ƙofar titi. Ba zai taka filin baya ba, ba zai taɓa sanda ko basilla ba, ba zai ɗaga ko matashin kai ba. Takunkumi a fuska tun daga gida har ya dawo. Shi ne mai tarbar masu kawo aiki. Auta ta ce ita ce 'yar sandan, kekenta na nan dab da shi. Ba-Zama ya bi doka tiryan-tiryan. In Mai Mura ya fara bugu sai ya tsallaka titi ya tsaya wajen mai gyaran rediyo har ƙurar ta lafa. Ƙararrawar wayarsa na bugawa yake haɗiye magani, ko yana tsakiyar magana. Duk wata likita sai ta yaba masa, ta ce da duk marasa lafiyarta haka suke da ta huta.

Sai aka yi wani mamakon ruwa na kwana da kwanaki. Wata makarantar kwana tana hutu, rufin ɗakin ajiyarta ya yi yoyo ba wanda ya sani sai da aka kusa komawa. Suka loda katifu arba'in a babbar mota suka sauke a gaban shagon, suka ce a duba wadda za ta gyaru a gyara, sauran a zubar, kuma mako biyu suka rage yara su dawo. Katifun sun bushe ta waje, wasu ko tabo babu. Mai Mura ya tsaya yana sosa ƙeya. Auta ta farke ta farko, ta damƙo auduga ta kai hanci, ta sake kaiwa. Ita dai warin tsohuwar katifa kawai take ji. Ba tare da ta ɗago kai sosai ba ta miƙa hannu gefe, yadda ta saba yi tun tana budurwa.

"Yaya, ji min wannan."

Ya ja takunkumin zuwa haɓa, ya sunkuya, ya ja numfashi sau biyu.

"A ƙone."

Ya mayar da takunkumin. Ba wanda gabansa ya faɗi, ba wanda ya ga an karya wata doka. A wannan shago aiki shi ne bugu da ɗuri da ɗinki da ɗauka, abin da ke sa gumi. Shinshinawa ba ta cikin lissafi, kamar yadda ba za ka ce wanda ya kalli sama ya ce za a yi ruwa ya yi aiki ba. Kwana biyu suka yi a haka. Auta tana farkewa tana miƙowa, shi yana tsaye hannuwansa a baya don kada ma a ce ya taɓa, yana sauke takunkumi yana mayarwa. Ashirin da uku ya yanke wa hukuncin wuta. A wasu har wani baƙi-baƙin gari ke tashi daga audugar in an matsa, ya yi atishawa ya ce, "Kai, wannan ta ci uwar lalacewa." Tun da aka yi masa aiki bai yi farin ciki irin na kwana biyun nan ba. Ya koma gida yana gaya wa matarsa cewa katifa arba'in ya raba, kuma ko zare bai taɓa ba.

Bayan kamar mako biyu tari ya fara, busasshe. Ya ce sanyin damina ne. Sai zazzaɓi mai zuwa da yamma, sai wani suka a gefen ƙirji in ya ja numfashi. Mutumin da ke zaga layinsu sau goma a wuni ya zama daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai ya dafa bango. Ranar da ya tofar da kaki ya ga jini a ciki, bai jira an ce masa komai ba, shi ya ce a kai shi.

Aka kwantar da shi a ɗaki shi kaɗai, aka sa masa robar iska a fuska. Aka fara allurai na ciwon huhu irin wanda aka saba gani. Kwana uku, kwana biyar, zazzaɓin ko gezau. Aka gwada kakinsa ko tarin fuka ne, aka ce babu. Hoton ƙirji ya nuna wasu ɗigo-ɗigo a huhun dama, aka sake ɗauka aka ga sun ƙaru. Ba-Zama yana kwance yana kallon silin, ƙafarsa na rawa, yatsunsa na tsinkar bakin bargo. Duk wanda ya wuce ta ƙofa sai ya ɗago kai. Tsoro yake ji, kuma ba na mutuwa ba ne kawai. Hannunsa kullum yana kan ƙasan cikinsa ta dama, inda ƙodar take.

Ran kwana na shida da safe likita ta ja kujera ta zauna, Auta na tsaye a gefen taga.

"Malam, ina so ka gaya min gaskiya. Ka koma aikin auduga?"

"Wallahi, Likita, ban koma ba."

"Ko sau ɗaya? Ko ɗan taimako?"

"Ko zare ban taɓa ba. Ga ta nan, tambaye ta."

Auta ta ce, "Ni ce shaida. Ina zaune kusa da shi daga safe har yamma. In ana bugu ma titi yake tsallakawa. Takunkumi kuwa har tsiya nake masa, na ce da shi zai yi wanka."

Likita ta yi tambayar tattabaru, ta yi ta gini, ta yi ta lambu. Duk babu. Ta rufe fayil, sannan ta faɗa musu abin da ke damunta. Akwai ciwon huhun da fumfuna ke kawowa, irin fumfunar da ke fitowa a abu mai laima. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna yawo a iska, kowa yana shaƙar kaɗan kullum, masu gadin jiki su share su. A jikin wanda garkuwarsa ke kwance kuwa, sai su samu wuri su tsiro a cikin huhu. Tana zargin shi ne, an ɗauki samfuri an aika, amma sakamakon zai ɗauki kwanaki. Maganin da ke hannunsu mai ƙarfi ne, kuma ƙoda ce ke shan wahalarsa. Ga shi dole a rage maganin da ke kare ƙodar don jiki ya samu ƙarfin faɗa.

"In na ba shi a kan zato kuma ba shi ba ne, na cuci ƙodar a banza. In na jira kuma shi ne, huhun ba zai jira ni ba. Shi ya sa nake ta tambaya."

Ana haka wata ma'aikaciya ta shigo da matashin kai, don ya yi ƙorafin na farkon ya yi laushi da yawa. Ta ɗaga kansa za ta sa masa. Ba-Zama, da zazzaɓinsa da komai, ya ja robar iskar zuwa haɓa, ya juya ya dasa hanci a matashin, ya ja numfashi sau biyu. Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce da ma'aikaciyar, "Soso ne, amma ɗakin da kuke ajiye su yana da laima." Ya mayar da robar.

Likita ta riga ta miƙe, sai ta koma ta zauna.

"Me ka yi yanzu?"

"Ba komai. Shinshinawa na yi."

"Haka kake yi wa katifa?"

"To, da me zan san mai kyau?"

"Yaushe ka yi na ƙarshe?"

Ya fara ba ta labarin katifu arba'in, har da ɗan alfaharinsa, yadda ya gano ashirin da uku da ido ba zai gano ba. Bai kai ƙarshe ba ya ga yadda take kallonsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Amma Likita, ai wannan ba aiki ba ne."

"Malam, da ka yi wata guda kana bugu da takunkumi, da ya fi min sauƙi a kan wannan."

Ya juya wajen taga don Auta ta taya shi magana. Ta sa hannu biyu ta rufe bakinta, idanunta a waje. Sai ta ɗauki jakarta ta fita.

Kafin azahar aka rataya masa sabon magani, mai launin ruwan ɗorawa a cikin leda, yana ɗiga a hankali awa da awanni. In ya shiga sai sanyi ya kama shi, haƙora na haɗuwa, gadon kansa na kaɗawa. Bayan kwana huɗu sakamakon samfurin ya dawo ya tabbatar da zaton likita. Kowace safiya a ɗebi jini a duba ƙodar. An ba shi wata roba mai layi-layi ya riƙa fitsari a ciki ana aunawa, ta zama abin kallonsa. Ya ɗaga ta ya hanga a haske, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Lambar da likita ke karantawa a takardar jini tana hawa, kuma ya riga ya san tun zamanin wankin ƙoda cewa hawanta ba alheri ba ne. Ya tambayi mai shara, ya tambayi mai kawo abinci, ya tambayi duk mai farin kaya ko ƙodar dashe takan farfaɗo.

Auta ba ta sake shigowa ba. Matarsa ta ce kullum tana zuwa, tana kawo ruwan zafi da kayan sawa, amma a baranda take tsayawa ta miƙo. Ba-Zama bai yi mamaki ba. Ta gaya masa tun farko, in ya wulaƙanta ƙodar, da ita yake. An yanka matar nan an ciro abu daga cikinta, ta yi wata biyu ba ta iya taka keken ɗinki, shi kuma ya je ya shaƙe shi a kwana biyu saboda a ce yana da hanci. Kunya ta hana shi aika a kira ta. Ya shirya maganar ban haƙuri ya fi sau ɗari, ko wacce ya gwada a ransa sai ya ji ta yi kaɗan.

Ran kwana na goma sha ɗaya da fara sabon maganin zazzaɓin ya sauka, aka cire masa robar iska. Likita ta ce huhun ya fara amsawa, ta samo wani magani na haɗiya da za a koma kansa. Saura ƙoda. Jinin safiyar nan ne zai nuna ko ta tsaya da lalacewa, ko kuma a fara shirin komawa wanki. Sakamako sai bayan la'asar.

Bai iya jira a kwance ba. Ya zuro ƙafafu ƙasa, ya kama ƙarfen da ake rataya ruwa, ya tura shi gaba kamar mai koyon tafiya. Taku goma sha biyu ne zuwa ƙofa, ya huta sau biyu. A barandar akwai dogon benci, ba kowa a kai. Auta tana can tana kai da kawowa, daga bakin matakala zuwa tagar ɗakin gwaji, ta leƙa, ta juyo, ta koma. Ta rame. Tana murza bakin mayafinta har ya nannaɗe. Ta zo wucewa ta uku kafin ta gan shi.

"Yaya! Wa ya ce ka taso?"

Numfashinsa bai kai ya amsa a tsaye ba. Ya lallaɓa ya sauka a kan bencin.

"Auta, na ci amanarki. Ki yafe min."

Ta tsaya tana kallonsa kamar ya yi wani yare.

"Kai ka ci amana? Wa ya miƙa maka? Da hannun nan na farke, da hannun nan na damƙo na kai maka har hanci. Sau arba'in, Yaya. Ni da na ce ni ce 'yar sanda." Ta nuna kanta. "Na ba ka da dama na karɓe da hagu. Da wane ido zan shigo in kalle ka?"

Sai a lokacin ya gane. Kwana goma sha ɗaya yana ciki yana jin kunyarta, tana waje tana jin kunyarsa, bango ɗaya a tsakaninsu. Tausayinta ya kama shi har ya manta da na kansa.

"In ba ki miƙo ba ma da na zo da kaina. Kin san ni."

"Ba ka san komai ba." Ta juya za ta koma tagar ɗakin gwaji.

"Auta."

"Bari in duba ko ya fito."

"Sun ce bayan la'asar. Zo ki zauna."

Ta waiwayo, hawaye a fuska, dariya na neman ƙwace mata.

"Kai ne kake ce wa mutum ya zauna?"

"Ni ne. Zo."

Ta zo ta zauna a gefensa na dama. Ya kamo hannunta ya ɗora a ƙasan cikinsa, kan tabon, ya danne da nasa. Awa biyu da wani abu suka yi a nan. Mutane na wucewa, keken marasa lafiya na wucewa. Ita ce ƙafarta ke rawa, shi ne ke cewa ta bari. Matarsa ta iso da kwanon abinci, ta hango mijinta a zaune ya jingina da bango, ta tsaya cak don ba ta taɓa gani ba.

Likita ta fito da takarda a hannu. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɓata fuska ba. Ta ce lambar ta daina hawa, har ta ɗan sauko. Ƙodar ta ji jiki, wani ɓangare na ƙarfinta ya tafi kuma ba zai dawo ba, amma abin da ya rage zai riƙe shi in an lallaɓa. Maganin fumfuna zai sha shi wata da watanni. Shago kuwa, ko ƙofar titi ba ta yarda ba.

"Kuma wannan karon zan faɗa da kalmarku, don kada a sake samun saɓani. Ba bugu, ba ɗinki, ba shinshinawa."

Ya ce ya ji. Wannan ce ta fi yi masa ciwo a cikin ukun, kuma bai ɓoye ba, idanunsa suka kawo ruwa. Shekara talatin da wani abu ke nan, da abin da mahaifinsu ya bar masa.

Auta ta share fuska da mayafi. Ta ce daga yau duk katifar da ruwa ya taɓa ba za ta shiga shagonsu ba, ko ta wane ce, ba sai an tambayi hancin kowa ba. Sannan ta sunkuya ta yi magana da cikin yayanta, a hankali, yadda ake yi wa yaron da aka bari a gidan dangi.

"Ki yi haƙuri da mu. Mu biyun duka ba mu da hankali."

Likita ta tafi, matarsa ta shiga ɗaki ajiye kwano. Ma'aikaciya ta leƙo ta ce lokacin magani ya yi, ya taso ya koma gado. Ba-Zama ya ce ta ɗan ba shi minti biyar, bai gama zama ba.